Ciwon daji da aljihun talaka: a tambaya kafin a sayar da gona

 

Zancenmu na wannan wata a kan ciwon daji ne, wanda waɗansu ke kira sankara, ma'aikatan likita kuma su ce kansa. Maganar magani mun bar wa lokotoro, aikinsa ne. Mu maganar kuɗi za mu yi. Wannan ciwo in ya shiga gida, jikin mutum ɗaya yake kamawa, amma gidan duka yake ci. Ya ci rumbu, ya ci garke, wani lokaci har ya ci gonar gado. Sau da yawa kuma sai an sayar da komi sannan a ji labarin akwai taimakon da ya kamata a nema tun farko.

Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kusan mutum 10,000 suka kamu da shi a Nijar, fiye da 7,000 kuma suka rasu. A wajen mata, na nono da na bakin mahaifa su ne a gaba. A wajen maza, na hanta yana cikin waɗanda suka fi yawa.

To, mi gwamnati ta tanada?

A watan Yuli na 2007 aka sa hannu a kan wata doka. Dokar ta ce aikin da ake yi a kan dajin mata kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. Dajin nono da dajin mahaifa suna ciki. Kafin wannan, a 2006, an riga an ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Yau shekaru da yawa ke nan, amma har yanzu akwai garuruwan da mata ba su taɓa jin labarin dokar 2007 ba. Macen da ba ta san haƙƙinta ba, yaya za ta neme shi?

Namiji fa? Dokar 2007 ba ta ambace shi ba. Haka yaron da ya wuce shekara 5. Su abin da ya shafe su shi ne ragin da aka yi a 2024. A watan Agusta na wannan shekara hukumomin ƙasa suka rage kuɗin aikin likita da rabi a gidajen likita na gwamnati, ragin ya soma aiki ran 1 ga Satumba. Ya shafi kuɗin ganin lokotoro, da kuɗin kwanciya, da awon jini, da ɗaukar hoto, da fiɗa.

Ga abin da ya kamata kowa ya gane sosai. Wannan taimako ba kuɗi ne da ake danƙa wa mutum a hannu ba. Gidan likita ne ke yin aikin, ya rubuta abin da ya kashe, ya aika wa gwamnati, ita kuma ta biya shi daga baya. In biyan ya yi jinkiri, sai ɗakin magani ya wayi gari wayam. An daɗe ana fama da wannan jinkiri, ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2021 ma an kafa wata hukuma mai suna INAM domin ta kula da wannan biya. Ranar da magani ya yanke, sai a rubuta wa mai jinya takarda a ce ya je farmasi ta cikin gari ya sayo. Can kuwa babu kyauta, babu ragin rabi, kai ne da aljihunka. Maganin ciwon daji kuma yana cikin magunguna masu tsadar gaske. Saboda haka in an ba ka irin wannan takarda, kada ka fita da gudu ka sa a kai sa kasuwa. Tsaya ka tambaya. Maganin zai zo nan? Yaushe? Za a iya jira, ko jiran zai cuci mai ciwo? Akwai wani irinsa da ya fi sauƙin kuɗi? Matambayi ba ya ɓata.

A watan Maris na 2021 aka buɗe ɗakin na'urar gashin ciwon daji a Yamai, cikin cibiyar ƙasa ta yaƙi da wannan ciwo. Ita ce ta farko a Nijar. An yi ta da taimakon Bankin Musulunci da hukumar duniya mai kula da makamashin nukiliya, kuma an yi lissafin za ta iya ɗaukar wajen mutum 600 a shekara. Kafin nan, duk wanda ciwonsa ke son gashi sai ya fita ƙasar waje, fita waje kuwa ba ta talaka ba ce. Wannan ci gaba ne, mun gode Allah. Sai dai na'urar a Yamai take, mu kuwa muna ƙauye.

Nan ne maganar take. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne. Daga Maraɗi wajen 660. Daga Damagaram kusan 900. Wannan daga babban gari ke nan, ba a sa tafiyar amalanke ko ta kabu-kabu daga ƙauye zuwa bakin kwalta ba. Kyautar da doka ta yi tana somawa ne daga ƙofar likita. Abin da aka kashe kafin a kai ƙofar, na mai ciwo ne da danginsa.

Mu yi lissafi tare, kamar yadda muke yi a ajin yaƙi da jahilci. A ce wata mata ce daga wani ƙauye na jihar Maraɗi. An yi mata awo, an ga dajin nono ne. Lokotoro ya ce za a yi mata ƙarin ruwan magani mai ƙarfi, wanda ma'aikata ke kira shimiyo, kuma a Yamai za a yi. Yawanci ana yin sa ne duk bayan mako 3, kamar sau 6 ko fiye. Mai ciwo ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ɗan rakiya. Mutum 2, zuwa da komowa, tikiti 4 ke nan a kowace tafiya. Tikiti 4 sau 6, tikiti 24. Je tasha ka tambayi kuɗin tikiti ɗaya, ka ninka shi sau 24. Abin da ka samu, kuɗin mota ne kawai. Ba a ci abinci ba, ba a sha ruwa ba, ba a sayi ko ƙwaya ɗaya ta magani ba.

In kuma an ce sai an yi gashi da na'ura, shi kullum ake yi, kwana 5 a mako, har makonni da dama. Babu zancen komowa gida a tsakani. Dole a zauna Yamai. Mai dangi a can ya sauka wurinsu, shi ma da nauyin baƙunta a kansa. Marar dangi ya nemi ɗakin haya ko ya kwana inda dare ya yi masa. Tukunya ta zama biyu, ɗaya a birni inda ko icce sai an saya, ɗaya a ƙauye inda aka baro yara.

Akwai kuma hasarar da ba a gani sai baɗi. Wa ake zaɓa ya yi rakiya? Mai ƙarfi, mai wayon birni, wanda ya iya karanta takarda. Shi ne dai wanda gandu ya dogara da shi. In tafiyar ta faɗo cikin damina, noman farko ya wuce, maimai ya wuce, haki ya rufe hatsi. Da kaka a ɗaure rabin abin da aka saba ɗaurewa. In makiyayi ne, garke ya koma hannun yara, a rasa mai kai shi inda ciyawa take.

Wannan ne ke sa mutane da yawa su yanke magani a tsakiya. An yi sau 2, an yi sau 3. Gashin kai ya zube, ga amai, ga kasala, kulun kuma ya ɗan motse. Kuɗi sun ƙare. Sai a ce ai ta samu sauƙi, a koma gida. Bayan ƴan watanni ciwon ya taso, ya fi na da ƙarfi. Ga sa an sayar, ga awaki an sayar, ga lafiyar ba a samu ba. A ganinmu babu hasarar da ta kai wannan ciwo a zuciya. Don haka tun ranar farko a roƙi lokotoro ya faɗi tsawon hanyar duka. Sau nawa za a zo? Wata nawa za a yi? Wane aiki ne za a iya yi a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ba sai an zo Yamai ba? Wanda ya san tsawon hanya shi ke sanin yawan guzurin da zai ɗauka.

Yanzu mu zo ga ƙofa ta biyu, wadda mutanen karkara ba su cika ƙwanƙwasawa ba. A manyan gidajen likita na gwamnati akwai wani biro da ake ce wa sosiyal. Aikinsa shi ne duba halin marasa ƙarfi. Akwai kuma takardar shaidar rashin ƙarfi, wadda ake nema a ma'aikatar magajin gari ta inda mutum yake zaune. Da ita ake zuwa biron sosiyal a nemi ragi ko yafewar waɗansu kuɗi. Ba mu ce duk wanda ya nema yana samu ba. Asusun ƙananan hukumomi bai taka kara ya karya ba, masu nema kuma suna da yawa. Amma wanda bai nema ba, shi tabbas ba ya samu. A nemi takardar tun kafin a bar gida. Wanda ya isa Yamai sannan aka ce masa ya komo garinsu ya samo ta, ya ƙara wa kansa tikiti 2.

Waɗansu magidanta suna jin kunyar wannan takarda. Suna cewa yaya mai gona, mai shanun huɗa, zai je ya tsaya a rubuta shi cikin marasa ƙarfi? Ɗan uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mutumin da ke ciyar da iyalinsa shekara da shekara ba tare da ya roƙi kowa ba, wannan ciwo yana iya durƙusar da shi cikin wata 3. Kai ma kana biyan haraji, kana biyan kuɗin kasuwa. Neman abin da aka tanada domin irin wannan rana ba bara ba ce.

Takardu kuma a kula da su kamar kuɗi. A bi hanya daki-daki: likitar gari, sai ta gunduma, sai ta jiha, sannan Yamai in an tura. Kowane mataki a karɓi takardar turawa daga majo ko lokotoro. A haɗa karnen likita, da katin ɗan ƙasa, da sakamakon kowane awo, da kowane hoto, da takardar duk abin da aka biya, a sa cikin leda ɗaya inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Awon da takardarsa ta ɓace, sake shi ake yi, a sake biya.

Hattara kuma da ƴan damfara. In wani ya kira ka ta salula ya ce wata ƙungiya ta ba marar lafiyarka tallafi, amma sai ka aiko da jika 5 na buɗe takarda, kashe wayarka. Mai ba da taimako na gaskiya ba ya cewa a fara biyansa.

Kuɗin mota da na abinci fa, waɗanda doka ba ta ɗauke ba, wa zai ɗauka? Mu ne. Kuma ba sai mun je nesa neman dubara ba, a ƙasarmu aka haife ta. A 1991, a jihar Maraɗi, aka soma ƙungiyoyin Mata Masu Dubara tare da ƙungiyar CARE. Mata su taru kowane mako, kowa ta zuba ɗan abin da ta iya cikin akwati. Yau ƙasashe da yawa na duniya sun kwaikwayi wannan tsari. Ƙungiyoyi da yawa, ban da akwatin rance, suna da ɗan asusun taimako na ranar ciwo ko rasuwa. Wannan ɗan asusun ne muke so a ƙarfafa. A ce mata 30 ne, kowace ta zuba dala 10 a mako. Dala 300 ke nan, wato jika 1 da rabi. A shekara, mako 52, jika 78. Ba za su sayi maganin daji ba. Amma za su kai mace likitar jiha a yi mata awo a makon da ta ji kulu a nononta, maimakon ta jira sai kaka.

Maza su ma suna iya yin nasu da hatsi. A ce gari mai gida 100 ne. Da kaka kowane gida ya ba da tiya 2. Tiya 200 ke nan. Buhu yana cin tiya 40, an samu buhu 5. A ajiye su a bankin cimaka na gari, da sunan masu doguwar jinya. Da bazara, lokacin da hatsi ya yi daraja, a sayar ko a auna wa gidan da mai nomansa yake can wajen jinya.

In za a kafa irin wannan asusu, ga shawararmu. Abin da aka ba mai ciwon daji ya zama kyauta. Rance ga mai wannan ciwo ƙarin ciwo ne, tunda ba a san ranar da zai koma aiki ba. A ba da shi da wuri, tun tafiyar farko. Mun saba sai mutum ya kwanta rai a hannun Allah sannan a yi ta shigowa da dala ashirin-ashirin ana sannu. Waɗannan kuɗin, da an haɗa su wata 6 kafin nan, da sun yi aikin da ya fi sannu. Akwati kuma ya zama da makulli fiye da ɗaya, a hannun mutane daban-daban. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya riƙe littafi, ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya karanta a gaban jama'a. Amma irin ciwon da mutum yake da shi, wannan sirrinsa ne, ba na karantawa a dandali ba ne. Mata da yawa tsoron bakin mutane ne ke sa su ɓoye kulu har ya fashe.

Zakka ma tana da wuri a nan. Wanda hatsinsa na damina ya kai nisabi, dami 1 cikin 10 yake fitarwa. Malamanmu sun san cewa cikin masu cin zakka akwai fakiri, da miskini, da wanda bashi ya yi wa katutu, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mai jinyar da ke kwana a bakin likita a Yamai, wanne ne daga ciki bai zama ba? Wanda ba shi da hatsi ko kuɗi yana da hauya. Gayya ta kwana ɗaya a gonar mai jinya ta fi ƙarfin gaisuwar wata guda. Ƴan uwanmu Fulani kuma suna da habbanaye: a ba wanda garkensa ya karye karsana, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, ya mai da uwar. Ɗiyanmu da suka tafi bida, in za su aiko, ya fi kyau su aiko kaɗan-kaɗan kowane wata, a hannun mutum ɗaya amintacce, daidai da ranakun komawa likita.

In duk da haka sai an sayar da wani abu, a soma da abin da ba ya haihuwa. Rago kafin tunkiya, bunsuru kafin akuya, sa kafin saniya. A guji bashin nan da ake kira a ci ba daɗi, wanda za ka karɓi kaɗan da bazara ka biya da dammai da kaka. Gona ita ce ta ƙarshe. In babu makawa, jingina ta fi sayarwa, domin ana fansa. Amma a yi ta a gaban mai gari da kwamitin filaye na gari, a karɓi takarda mai ɗauke da yawan kuɗin da sunayen shaidu. Jinginar baki da baki, in masu ita suka kwanta dama, ita ce ke zama shari'a tsakanin ɗiya.

Wata magana kuma ga magidanta. Akwai mazan da, da zarar an ce matarsu na da wannan ciwo, sai su ce ta tafi gidansu ta yi jinya. Daga nan ko leƙe. Ita ce za ta sayar da awakinta, da gujiyar gamanarta, da kwanoninta na ɗaki. Matar da ta yi maka shekara 20 tana daka da ɗaukar ruwa, ta haifa maka ɗiya, ba ta cancanci haka ba. Ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta zama ɗaki ɗaya da mai shi.

Wani lokaci lokotoro zai ce ciwon ya riga ya bazu cikin jiki, magani ba zai iya cire shi ba. Magana ce mai nauyi, rai kuma a hannun Allah yake. A irin wannan hali a zauna da lokotoro a tambaye shi gaskiya: tafiya gaba za ta ƙara wani abu? In ya ce a'a, to taimako ya sake kama. Akwai magunguna masu kwantar da zafin ciwo, har mai tsanani. Akwai wankin gyambo da ɗauri. Akwai abinci mai kyau, da zama cikin dangi. Waɗannan su ma kuɗi suke ci, asusun gari yana iya ɗaukarsu. A daidai wannan lokaci ne masu cewa suna da maganin daji a ƙwarya suke yawaita a ƙofar gida, kowa da farashinsa. Kada tausayi ya sa a sayar da gonar da yara za su ci a cikinta gobe, a miƙa wa wanda bai san ko sunan ciwon ba.

Mafi arha dai shi ne awo da wuri. Ba kowane kulu ne daji ba, da yawa ba komi ba ne, amma awo ne kaɗai ke rarrabewa. Dajin nono sau da yawa ba ya zafi da farko, shi ya sa ake raina shi. Kada a yi masa sakiya, kada a tsaga. Macen da ke ganin jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan kwanciya da miji, ko bayan al'ada ta ɗauke mata, ta je likita. Awon bakin mahaifa ɗan lokaci kaɗan yake ɗauka. A tambayi ungozomar likita inda ake yin sa, ko a je cibiyar uwa da yaro ta babban birnin jiha. A watan Oktoba na kowace shekara ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyi irin su SOS Cancer Niger sukan yi gangamin awon nono da na mahaifa. A kasa kunne ga rediyon gari domin a ji rana da wuri.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi wannan shafi, musamman mata a wurin taron asusunsu, tunda dokar 2007 tasu ce. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.